Na'urar da Ba ta San Mutuwa ba

Madawa, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga Autana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya tsare mini kai a gida da daji, Ya sa tafiyar da ke gabanka ta zama ta alheri. Babanka ma yana sa maka albarka, ko da yake ka san halinsa, ba zai faɗa da baki ba, sai dai ka gan shi yana ta gyara igiyar jakarka da babu abin da ya same ta.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Abijan. To, yi dariyarka. Na gwada yi maka maganar nan da baki, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kaina ina tambayarka ko tela ya gama wandunanka. Kai ma kuma ba zama kake ba, ido a kan na'ura, kunne a toshe, "To Mama, to Mama," alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Shi ya sa zan ɗora takardar a kan ordinatar ɗinka, kwamfuta in ji maƙwabtanmu na Najeriya, don nan ne kaɗai na tabbata idonka zai sauka.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Kafin motar Asabar ta ɗauke ka zuwa Yamai, ka je Tamaske ka yi wa Innarka Habsu sallama. Ka ce mini babu lokaci, hanyar Yamai ba ta bi ta can, za ka kira ta a waya. Waya ba za ta yi ba. Tun kana ƙarami kake tambayata abin da ya shiga tsakanina da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, da har ba ta ɗaukar wayata, in mun haɗu wurin suna ko biki sai gaisuwa ta fatar baki. Kullum ina ce maka ba komai. Akwai komai, Auta, kuma irin aikin da za ka je ka yi, rubuta manhajar waya don likitocin karkara, shi ne ya jawo. Da aikin banki ka samu, da wataƙila na tafi kabari da bakina a rufe.

Ka san da buga takardu na fara, a wani biro, wato ofis, na lafiya nan Madawa. Da aka kawo ordinatar ta farko, mazan biro suka yi ta kewaye ta kamar an ajiye kura, ni kuwa na ja kujera na zauna. Da taɓe-taɓe na koya, da tambaya, da ɓata abu a gyara. Ba na ƙaryar tawali'u, kaina yana ja, kuma a wurina ka gado naka, ba wurin babanka ba, shi albasa ya sani. Da aka zo da wani furoje, wato shiri, na kiran mata a waya don tuna musu awon ciki da allurar yara, a yankunan Madawa da Buza da Keita, wani injiniya ya zo daga Yamai ya kafa na'urar, ya koya mini yadda ake rubuta mata umarni, ya koma. Daga nan abin ya zama nawa. Ni nake tsara wa za a kira, yaushe, da me za a ce.

Da yake yawancin matanmu ba su karatu, murya muka sa maimakon rubutu, kuma muryata ce. Injiniyan ya ce saƙo ɗaya ya isa kowa. Na ce a'a, a gida mai mata da yawa da waya ɗaya, dole a faɗi sunan yaro. Na zauna kwana da kwanaki ina ɗaukar sunaye ɗaya bayan ɗaya, Abdu, Adamu, Balki, Hadiza, har maƙogwarona ya bushe, don na'ura ta riƙa ɗauko suna tana liƙawa cikin saƙo. Kuma da fara'a na ɗauke su, ina murmushi, don na ce kada mata su ji kamar jandarma ne ke kiran su. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai. A kasuwa mata suna nuna ni, suna cewa ga mai maganar waya.

Kuskurena na farko, a biro na gwada abin. Na sa lambata da ta abokan aikina, na'ura ta kira, muka saurara, muka tafa. Duk wanda na gwada da shi, wayarsa tasa ce, a aljihunsa take kwana. Ni da aka haifa a Adar, na manta a ƙauye waya ta gida ce, kuma in maza sun tafi bida, neman kuɗi a wasu ƙasashe, a hannun tsoho take zama. Ba a daɗe ba wata mata ta zo daga wani ƙauye na wajen Sabon Gida, ta tsaya a ƙofar biro ko zama ta ƙi yi.

"Ke ta mai maganar waya?" in ji ta. "Ke kinka hwaɗa ma surukin ɗiyata tana da ciki? Cikin hwari na, ko ni ba ta hwaɗa ma ba. Tsoho na zaune bakin masallaci yab buɗe murya, kowa yaj ji. Yanzu ta ce ko an ɗaure ta ba ta taka likita."

Na ba ta haƙuri, amma a raina ina cewa ƙauyanci ne. Daga baya na ji yarinyar ba ta je awo ko sau ɗaya ba har ta haihu, Allah ne dai Ya tsare. Abin da na yi don ya kai ta likita, wato asibiti, shi ya hana ta zuwa. Don haka, Auta, kada ka yarda da gwajin da ka yi a ɗaki mai sanyi tsakanin masu irin wayarka. Ɗauki abin ka kai inda za a yi aiki da shi, ka zauna a tabarma, ka ga hannun wa wayar take, wa ke kusa yana ji. Sirrin mutum ba a cikin na'ura kaɗai yake fita ba, yana fita ta lasifika a bakin masallaci. Na gyara saƙon masu ciki ya koma gaisuwa kawai da gayyata, amma ban ɗauki darasin duka ba, rabinsa na ɗauka.

Na biyu, na riƙe aikin a kaina ni kaɗai. Umarnin da nake rubuta wa na'ura, ban taɓa sa bayani a gefensa ba. Sunayen da nake ba abubuwa a ciki, gajerun haruffa ne da ni kaɗai na san ma'anarsu, wasu ma sunayen awakina ne. In abokin aikina Musa ya leƙo yana so ya koya, sai in ce masa bari, zan yi, ya fi sauri. Gaskiyar magana daɗi nake ji a ce in Madam ba ta nan komai ya tsaya. Mace ce ni a tsakanin maza, na sha wuya kafin a ba ni kujera, ina tsoron in na koyar a karɓe. Ina ganin wannan halin a jikinka, kada ka musa. Rannan abokinka ya tambaye ka yadda ka yi wani abu, ka ce masa dogon bayani ne. Ka rubuta aikinka yadda baƙo zai buɗe ya gane ba tare da ya neme ka ba, ka koya wa na kusa da kai tun ba a shiga uku ba. Ranar da za a buƙaci bayanin, ba lallai kana kusa da kujerarka ba, za ka ji yadda tawa ta kasance.

Na uku shi ne babba. Na lura mata da yawa suna jin kira ɗaya su share. Sai na rubuta wa na'ura cewa in lokacin allurar yaro ya yi, ta kira uwarsa kowace safiya, ta yi ta kira, kada ta daina sai likita ta shaida an kawo shi. Na ga na yi dabara. A tsarina yaro hali biyu gare shi, ko an kawo shi ko ba a kawo shi ba. Wallahi, Auta, ni da na binne ƙannena biyu tun ina yarinya, ni da na san abin da damina ke yi wa yara a ƙasar nan, ban ajiye wa mutuwa gurbi ba. Ba mantuwa ce ta rashin sani ba. Ina zaune ina tsara alheri, raina bai so ya kalli wancan gefen ba, sai na bar shi babu komai.

Ka tuna Habsu ta daɗe a gidan miji ba ta samu haihuwa ba, sai daga baya Allah Ya ba ta Isuhu. Ni da hannuna na shigar da shi cikin na'ura, ina murna. Kana firamare lokacin, ka yi hutu a wurinsu, ka dawo kana ba mu labarinsa har muka gaji. A daminar da ya fara tsayuwa yana kama bango, masassara ta kama shi, kafin a yi wani abu Mai shi Ya karɓi abinSa. Mijin Habsu yana Kamaru wurin bida. Na bar ku da babanku na tafi Tamaske.

Washegari da hantsi muna zaune a tsakar gida, mata cike, ana ta shigowa gaisuwa. Ina gefen Habsu, kafaɗata tana taɓa tata. Waya ta yi ƙara. Kowa ya ɗauka mijinta ne, sai uwar mijin ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Aka buɗe. Sai ga muryata, tas, cike da fara'a:

"Salamu alaikum, uwar Isuhu, ina kwana? Likita na gaishe ki. Lokacin allurar Isuhu ya yi, a kawo shi, kar a mance da karne, takardar awo. Allah shi raya Isuhu."

Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi wayar, ta sake dubana, ta ja tsaki a hankali. Habsu ta yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da uwarmu ta rasu, ta kife a kan tabarma. Ni kuwa ina zaune bakina a rufe, na ji kaina ina yi wa yaron da aka binne jiya addu'ar rayuwa. Da ƙasa za ta tsage in shige, da na gode mata.

Na fita waje na kira Musa a biro. Na ba shi kalmar sirri, ya buɗe, ya duba, ya ce, "Madam, ban gane komi ba. Mi na 'Ja-wuya'? Mi na 'Gwanki'?" Ina tsaye a rana ina ƙoƙarin tuna abin da na rubuta shekarun baya, rezon waya yana yankewa, shi yana tsoron ya taɓa ya ɓata. Na ce to a kashe na'urar gaba ɗaya. Shugabanmu ya ce ba zai tsayar da kiran yankuna uku ba saboda gida ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Wayar ma ba dama a kashe ta, don ta nan mijin yake kira, ta nan dangi na nesa suke gaisuwa. Barin zaman makoki tun ba a yi sadakar bakwai ba abin kunya ne, da aka yi kuma ruwa ya sauko, ƙorama ta yanke hanya tsakanin Keita da Buza, motoci suka tsaya. Kowace safiya ta Allah, da hantsi, wayar nan sai ta yi ƙara.

To ka ji. Duk abin da ka sa ya riƙa maimaita kansa, ka yanka masa inda zai tsaya, ko da kana ganin alheri yake maimaitawa. Ka sa masa hanyar da wanda ake kira zai ce ya isa, da hanyar da wani ba kai ba zai tsayar da shi cikin sauƙi. Kafin ka rubuta abin da zai faru in komai ya tafi daidai, zauna ka rubuta abin da zai faru in yaro ya rasu, in ciki ya zube, in aure ya mutu, in an sayar da waya. Na ga yanzu kuna da wata na'ura da kuke tambaya ta rubuta muku kodi, umarnin na'ura, cikin ƙiftawar ido, kana ta yaba mini ita. Ban ce kada ka yi aiki da ita ba. Amma ba ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ba, kai ne za ka tuna mata, in kai ma ka tuna.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu ni da Habsu muna cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Wannan ta yafe mini tun a tabarmar makoki, ta ce, "Yaya, ba da gangan kinka yi ba." Abin da ya raba mu gyaran da na yi ne.

A kwanakin nan na lura da wani abu. Bayan ranar farko, in hantsi ya yi, Habsu takan ɗauki wayar ta zagaya bayan rumbu ita kaɗai, ta jima, ta dawo ido jawur. Na ce a raina tana ɓoye mini ne don kada in ji kunya a gaban mutane. Ban tambaye ta ba. Ni ce babba, ni ce mai ilimi, na riga na san abin da ke damunta da maganinsa.

Ranar da hanya ta buɗe na iso Madawa, ko gida ban biya ba, na wuce biro da ƙurar tafiya. Na nemo Isuhu a cikin na'ura. Da na natsu, da na ƙara gurbi ɗaya, in rubuta ya rasu, kira ya tsaya, sauran bayaninsa ya zauna. Aikin da bai fi a dafa shayi ba. Amma ina jin haushin kaina, so nake abin ya ɓace daga duniya. Na share shi gaba ɗaya, sunansa, ranar haihuwarsa, nauyinsa na kowane awo, alluran da aka yi masa. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Sannan na bi likitoci ina tambaya, na gano akwai wasu yaran da suka rasu, muryata tana bin iyayensu wata da watanni, ba wadda ta kawo ƙara, don wa za ka kai ƙarar murya? Su ma na share su duka. Na koma gida ina jin na wanke laifina.

Bayan an yi arba'in, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga Habsu ta yi sallama, ita kaɗai, ko jaka babu. Kuna lakwal wurin karatu. Na kawo ruwa, ba ta sha ba.

"Yaya, ina kinka kai shi?"

Na ce wa?

"Wayag ga ta bar kira. Nij jira, nij jira. Sai nit tahi likita, nic ce ma majo, babban ma'aikacin wurin, shi duba mini cikin na'ura. Yad duba, yac ce babu. Nic ce shi ƙara dubawa. Yac ce, 'Baiwar Allah, ba a taɓa rubuta yaro mai sunan ga ba.' Ni da nig goya shi, Yaya. Ni aka ce ma ba a taɓa yin shi ba."

Na fara yi mata bayani, wai don in hutar da ita na yi. Ta ɗaga mini hannu.

"Ƙasa ta amshi nata, ban ce komi ba, ikon Allah na. Tsohi sun kwashe kayanai har karne, don kar in gani, ban ce komi ba, haka aka yi ma kowa. Ke mi naki na ɗauka? Kin san ɗan hwari na, ban taɓa kiran sunanai ba, ko sau guda, kunya ba ta bari ba. Ina cewa akwai lokaci, in ji ana kiran shi, in ji daɗi a raina. Da yar rasu kowa yab bar hwaɗi, sai 'marigayi', sai 'yaron ga'. Wayag ga kaɗai ta rage mai hwaɗin sunanai. Ranar hwarko ta kashe ni. Amma daga baya ita nika jira."

Auta, sai a lokacin na gane abin da take yi a bayan rumbu.

Na ce mata zan maido shi. Na ja ta muka tafi biro, na buɗe kwafin ajiya. A nan kuskure na ƙarshe yake jirana. Kwafin da nake taƙama da shi, na tsara shi ne kowane mako sabo ya hau kan tsoho, don kada wuri ya cika. Makonni sun wuce. Kwafin ya kwafi sharewar da na yi da aminci, babu Isuhu a ciki, babu sauran yaran. Ka riƙe wannan ma: ajiyar da ke bin ka duk inda ka yi, in ka faɗa rami tare za ku faɗa. Ka riƙa barin tsofaffin kwafi a wani wuri dabam, inda haushinka na rana ɗaya ba zai kai ba. Kuma kada ka share mutum. Ka rubuta ya rasu, ka rubuta ya ƙaura, ka rufe, amma ka bar shaidar ya taɓa zama. In kuwa dole a share, mai abin za a tambaya, ba kai za ka yanke masa ba, komai kusancinku.

Na ce mata zan sake shigar da shi da hannu, in sa na'ura ta kira ta. Ta ce wane nauyi zan rubuta, na ƙarya? Kuma yanzu da ta san ni ce zan zauna in tura, ba ɗaya ba ne. Sai na riƙe hannunta na ce to ni ga ni, muryar ai tawa ce, zan faɗa mata sunansa duk lokacin da take so. Na buɗe baki na faɗa, "Isuhu." Muryata ta karye a tsakiya.

Ta zare hannunta a hankali, ta ce, "Kin ji ko? Waccan muryar ba ta san ya mutu ba, Yaya. Taki ta sani."

Ko kwana ba ta yi ba, ta bi motar yamma. Tun daga ranar ba ta ɗaukar wayata. Ba gaba take da ni ba, ta aiko mini da wannan ta bakin mijinta. Ta ce in ta ji muryata a waya, gabanta faɗuwa yake, tana jiran abin da ba zai zo ba. Allah bai ƙara ba ta haihuwa ba. Ni kuwa na gyara na'urar, na sa gurbin rasuwa, na sa iyakar kira, na rubuta bayanin komai na koya wa Musa, har furojen ya ƙare aka kwashe kayan. An yaba mini a taro. Duk wannan bai maido mini da ƙanwata ba, kuma ina kewarta, Auta, kewa mai ciwo. Mu biyu muka rage a ɗakin uwarmu.

Ban faɗa maka wannan don ka ji tsoron aikinka ba. Aiki ne mai kyau, yara da yawa sun sami allura saboda kiran nan, wasunsu yanzu sun yi gemu. Ka fi ni ilimi nesa ba kusa ba, abin da nake kwana uku ina fama da shi kai kana shan shayi kake gamawa. Saurin nan naka ne yake ba ni tsoro. Ni yankuna uku na riƙe na yi wannan ɓarna, kai an ce ƙasa duka za ku riƙe. Kowane layi da za ka gani a allonka, akwai wata mace a bayansa da ba za ta taɓa zuwa Yamai ta same ka ba. Ni Allah Ya so ni da rahama, tawa ta san ƙofar gidana.

Sauran nasiha ka san ta. Ka riƙe salla, ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, kada ka zauna kan burodi da madara kamar maraya. In ka yi kuskure a aiki ka faɗa da wuri, kafin ka taɓa komai da sunan gyara, kuma kada ka yi gyara ranar da ranka yake ɓace. Tashi ka sha ruwa, ka kira wani ya duba tare da kai.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Zumunta a ƙafa take. Ka hau mota gobe ko jibi, ka kwana ɗaya a Tamaske, ka dawo ka kama ta Asabar. Kada ka kai mata haƙurina, ta gaji da shi. Kada ka nuna mata ka san labarin nan. Ka ci tuwonta, ka bari ta sa maka albarka. In kun zauna, ka ce mata, "Inna, kin tuna lokacin da Isuhu ya cije ni a kunne da haƙoransa biyu, na yi ta ihu yana dariya?" Ka faɗi sunan sosai, ka yi dariyarka yadda kake yi in kana ba mu labarin a gida. Kai ba ka je makoki ba, ba ka ga kabarinsa ba, kai kaɗai ka rage a danginmu da in ka tuna shi, a raye kake ganinsa. In ta yi kuka, ka bar ta, kada ka ce ta yi haƙuri. In ta ce ka ƙara wani labarin, ka ƙara.

In ta tambaye ka ni, ka ce ina nan lafiya, ina gaishe ta. Kada ka kira ni ka miƙa mata wayar.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mini da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya tsare mutane daga sharrin hannunka. Ya haɗa ka da abokan aiki masu gaya maka gaskiya. Ya sanyaya zuciyar Habsu, Ya sa Isuhu ya zama mai cetonta. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarka.